Daga Diyya Zuwa Kurkuku: Nazarin Kalmomin Laifi, Shari'a, Makoki da Sulhu a Harshen Ingilishi

Gabatarwa

Ingilishi ne harshen manyan kotuna a Nijeriya da Ghana da Kenya da Indiya, inda akasarin masu shiga kotun ba su tsotse shi a nono ba. Da shi ake karanta wa mutum tuhuma, da shi ake rubuta hukunci, da shi gwamnati ke kafa kwamitin bincike ko na sulhu bayan an zubar da jini. Tafinta da ɗan jarida kan ɗauko ƙamus su nemo wa kowace kalma takwararta ta Hausa, su ci gaba da aiki. Sai dai kalmomin shari'a ba sa tafiya su kaɗai, kowacce tana janye da tsarin da ya haife ta.

Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, kalmomin laifi da hukunci na Ingilishi suna ɗauke da tarihin yadda aka karɓe haƙƙin jini daga hannun dangi aka damƙa wa sarauta. Wannan sauyi ya wadata harshen da kalmomin tuhuma da horo, ya bar kalmomin makoki da yafiya a wajen kotu na tsawon ƙarnuka. Sai daga shekarun 1970 ne aka fara yunƙurin mayar da su ciki. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga Bahaushe, domin nasa harshen ya tashi ne a tsarin da bai taɓa raba mai jini da shari'ar jininsa ba.

Hawa biyu na kalmomi

Wanda ya jera kalmomin wannan fanni zai ga sun kasu gida biyu. Kalmomin da ke faɗin ainihin ɓarna da zafinta tsofaffi ne, na Turancin da ake yi kafin shekarar 1066: "theft" sata, "guilt" nauyin laifi, "oath" rantsuwa, "sorrow" baƙin ciki, "mourn" yin makoki, "forgive" yafewa. Kalmomin da ke tafiyar da kotu kuwa kusan dukkansu baƙi ne daga Faransanci da Latinanci: "crime", "justice", "judge", "court", "jury", "verdict", "sentence", "prison".

Dalilin haka sananne ne. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, fada ta koma hannun masu jin Faransanci, kotunan sarki kuma suka riƙa muhawara da Faransanci suna rubutu da Latinanci. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi saboda talakawa ba sa gane abin da ake faɗa a kansu, amma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Sai da wata doka ta fara aiki a 1733 sannan Ingilishi ya zama wajibi a takardun kotu. A 1999 ma an sake gyara a kotunan ƙararrakin jama'a na Ingila, aka sauya tsofaffin kalmomi irin su "plaintiff" da "writ" da masu sauƙin fahimta. Ke nan talakan Ingila ya shafe ɗaruruwan shekaru yana kuka da harshe ɗaya, ana yi masa shari'a da wani. Halin da Bahaushe ke ciki a babbar kotu a yau ba sabon abu ba ne a tarihin wannan harshe.

Lokacin da Ingila ke biyan diyya

Dokar farko da aka rubuta da Turanci ita ce ta Sarki Athelbert na yankin Kent, wajen shekara ta 600 Miladiyya. Kusan dukkanta jerin diyya ne. Ran ɗa, wato wanda ba bawa ba, sulai 100 ne. Ido sulai 50, babban yatsa sulai 20, kowane ɗaya daga haƙoran gaba huɗu sulai 6. Dokar ta ce wanda ya yi kisa ya biya sulai 20 tun ba a rufe kabari ba, ya cika sauran cikin kwana 40. A wasu dokokin da suka biyo baya an bambanta mutane bisa matsayi, talaka sulai 200, basarake 1,200.

Kalmomi uku ne ginshiƙin wannan tsari. "Wergild" ita ce kuɗin ran mutum, dangi ke karɓa. "Bot" ita ce gyara ko ramuwar asara, wanda aka cuta ke karɓa. "Wite" ita ce tarar da ke shiga baitulmalin sarki. Manufar biyan ita ce kashe wutar gaba, domin idan ba a biya ba dangin mamaci na da ikon ɗaukar fansa.

Akwai kuma laifuffukan da ba sa karɓar gyara. Dokokin Sarki Kanut, na wajen 1020, sun lissafa fasa gida da ƙona gida da cin amanar ubangida da wani nau'in kisa da ake kira "morth", wato kisan ɓoye, wanda ake yi a asirce ba a fito fili an ɗauki alhakinsa ba. Daga wannan kalma "murder" ta samo jijiya. Ɗalibin fiƙihun Malikiyya zai ga kama a nan. Mazhabar ta ba waliyyin jini zaɓi tsakanin ƙisasi da yafiya, amma ta ware kisan gilla, wanda ake yaudarar mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi, ta ce wannan ba ya karɓar yafiyar dangi. Al'ummomi biyu da ke nesa da juna sun tsaya a kan fahimta guda: kisan fili rigima ce tsakanin gidaje biyu, kisan ɓoye kuwa barazana ce ga gari baki ɗaya.

Yadda jini ya koma na sarki

Bayan 1066 abin da a da keɓantacce ne ya zama gama-gari. Sarakunan Normandi sun ƙaƙaba wata tara mai suna "murdrum": idan aka tsinci gawa ba a san makashi ba, kuma ba a tabbatar mamacin ɗan ƙasa ne ba, sai a ɗauka Banormande ne, gundumar ta biya sarki tara mai nauyi. An soke wannan tara a 1340, amma ta riga ta kafa ƙa'idar cewa sarki ke da haƙƙi a kan gawa. A 1166 Sarki Henri na Biyu ya umarci a riƙa rantsar da mutum 12 daga kowace gunduma su faɗa wa alƙalansa waɗanda ake zargi da kisa da fashi da sata. Daga irin waɗannan rantsattsu kalmar "jury" ta fito, "verdict" kuma asalinta faɗin gaskiya ne a Faransancin lokacin.

Manyan laifuffuka suka samu sabon suna, "felony". Wanda aka samu da shi ana rataye shi, kayansa su koma hannun sarki, al'adar da ba a soke ba sai 1870. Dangin mamaci ba su da kaso. Takardar tuhuma takan ƙare da cewa an keta zaman lafiyar sarki, sunan ƙarar ma ya koma sarki da wane. Shi ya sa har yau ake rubuta harafin R, a madadin sarki ko sarauniya, a gaban ƙararrakin laifi a Ingila, a Nijeriya kuma ake rubuta sunan jiha ko na Tarayya a gurbin mai ƙara.

Hujjar da ta fi bayyana wannan juyi ita ce makomar kalmar "bot". A sabon tsari ta ɓulla cikin "theftbote", sunan laifin mutumin da aka yi wa sata ya karɓi kayansa ko kuɗi daga ɓarawo bisa alkawarin ba zai kai ƙara ba. Sasancin da doka ke umarni da shi a ƙarni na 7 ya zama abin hukuntawa. Wanda aka cuta ya tashi daga mai haƙƙi ya koma shaida. Masanin ilimin laifuffuka ɗan ƙasar Norway, Nils Christie, ya yi wannan bayani a wata maƙala ta 1977, inda ya nuna cewa rigima dukiya ce ta masu ita, kuma hukuma da lauyoyi sun ƙwace ta daga hannunsu.

Adalci ne a faɗi abin da wannan sauyi ya haifar na alheri. Ya kashe gabar dangi da dangi, ya soke bambancin kuɗin ran talaka da na basarake, ya hana mai dukiya sayen kansa daga hukunci. Ya kuma gina kariya ga wanda ake tuhuma, wadda ita ce abin alfaharin shari'ar Ingila. Amma an biya wannan da tsada, kuma masu makoki ne suka biya.

Sunayen kisa da shari'ar Arewa

Shari'ar Ingila ta raba kisa gida biyu. "Murder" shi ne kisa da niyyar kashewa ko yin mummunan rauni. "Manslaughter" shi ne kisan da ya gaza wannan mataki, ko don babu niyya, ko don akwai uzurin da ke rage nauyi, kamar tsokanar da ta gusar wa mutum da hankali. Rabuwar ta ƙarfafa ne a ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16, lokacin da dokoki suka toshe hanyar sassauci ga wanda ya yi kisa da ƙudurin mugunta. Tun 1965, da aka daina yanke hukuncin kisa kan "murder" a Birtaniya, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai ne tilas, alhali a ɗaya laifin alƙali na da zaɓi.

Jaridun Hausa kan fassara na farko da kisan ganganci, na biyu da kisan kuskure. Fassarar ba ta cika ba, kuma tarihin Arewacin Nijeriya ya nuna girman giɓin. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar Tsofo Gubba da Hukumar Gargajiya ta Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a Malikiyya wanda ya kai hari da gangan ya kashe ya yi amdi, wato kisan ganganci, fushi ba ya sauya sunan aikin. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, domin a dokar Turawa akwai tsokana a lamarin, don haka laifin bai kai "murder" ba. Aiki ɗaya, suna biyu, kuma tsakanin sunayen akwai ran mutum. Fiƙihu yana auna ganganci ta yanayin harin da makamin da aka yi amfani da shi, sannan ya bar sassauci a hannun waliyyin jini. Shari'ar Ingila tana auna halin zuciyar makashi, ta bar sassauci a hannun kotu.

Wannan saɓani na cikin abubuwan da suka sa gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsa aka samu kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960, wanda aka tsara bisa na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Kundin Arewa ya kauce wa kalmomin biyu, ya yi amfani da "culpable homicide", wato kisan da ke da alhaki, ya raba shi zuwa wanda hukuncinsa kisa ne, a sashe na 221, da wanda bai kai haka ba, a sashe na 222. Kudancin ƙasar kuwa ya ci gaba da "murder" da "manslaughter". An sauya suna, amma waliyyin jini ya rasa ikonsa na zaɓi, har sai da Zamfara da wasu jihohi suka dawo da ƙisasi da diyya cikin kundinsu daga shekara ta 2000.

Amsa laifi da wanke mutum

Babu kalmar da ke jawo rashin fahimta kamar "not guilty". Idan wanda ake tuhuma ya furta ta, dangin mamaci kan ji kamar ya ce "ban yi ba", su ɗauke shi maƙaryaci marar kunya. A ma'anar shari'a kuwa, abin da ya ce shi ne: mai gabatar da ƙara ya kawo hujja. Majalisar Dattawan Birtaniya, a zamanta na kotun ƙoli, ta jaddada a shari'ar Woolmington ta 1935 cewa nauyin tabbatar da laifi yana kan mai tuhuma. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Nijeriya ta 2015 ta ƙara da cewa idan laifin na hukuncin kisa ne, ko da mutum ya amsa da bakinsa, kotu za ta rubuta masa bai amsa ba, a ci gaba da sauraren shaidu.

Haka ma idan kotu ce ta furta kalmar a ƙarshen shari'a. Ma'anarta hujja ba ta kai ta kawar da shakka ba. Kotu ba ta rantse cewa mutumin tsarkakakke ne ba. Akwai kuma bambanci tsakanin "discharged", sallamar da za a iya sake gurfanar da mutum bayanta, da "acquitted", wankewar da ke rufe ƙofar sake tuhumarsa kan wannan laifi. Ɗan jaridar da ya rubuta "an wanke shi" a inda aka sallame shi kawai ya yi wa mai karatu ƙarya, ko da bai nufa ba.

Bala'in filin wasa na Hillsborough ya nuna irin nauyin da kalmar hukunci ke da shi a zuciyar mai makoki. Ranar 15 ga Afrilu, 1989, turmutsitsi ya auku a birnin Sheffield yayin wasan Liverpool da Nottingham Forest, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 96, daga baya adadin ya kai 97. A 1991 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce "accidental death", wato tsautsayi ne. Iyalai suka ƙi yarda, domin kalmar ta nuna babu mai alhaki, alhali an yi ta yaɗa cewa magoya bayan ne suka jawo wa kansu. A 2012 Babbar Kotu ta rushe hukuncin. Ranar 26 ga Afrilu, 2016, sabon bincike ya ce "unlawful killing", kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma wanke magoya bayan. Shekara 25 iyalai suka yi suna neman a sauya kalma biyu. A 2019 kuma wata kotu ta wanke jami'in 'yan sandan da ya jagoranci tsaro a ranar daga tuhumar kisa ta sakaci. Hukunce-hukuncen biyu suna nan daram a shari'ar Ingila: an kashe mutanen ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba a samu kowa da laifin kashe su ba. Kowace kotu ta amsa tambayar da aka yi mata ne, ba tambayar da ke cin zuciyar iyalai ba.

Kalmomin makoki

Ingilishi yana bambanta abubuwa uku. "Bereavement" shi ne halin rashi, kuma tushen kalmar a tsohon Turanci yana nufin ƙwace ko fashi. "Grief" shi ne abin da ke cikin zuciya, ta shigo daga Faransanci, asalinta kalmar Latinanci mai nufin nauyi. "Mourning" shi ne abin da ake gani a fili, na sutura da zama da al'ada. Hausa na da irin wannan rabo a rashi da alhini da makoki, sai dai ta ɗora wa jama'a wajibi a kai: zaman makoki na kwana uku, gaisuwar ta'aziyya, takabar wata huɗu da kwana goma.

Shari'ar Ingila ta daɗe ba ta san da mai makoki ba. A shari'ar Baker da Bolton ta 1808 aka yanke cewa mutuwar mutum ba asara ba ce da za a iya ƙara a kanta a kotun jama'a. Dokar 1846 ta ba iyali damar neman asarar abin da mamaci ke ciyar da su da shi, ban da zafin rashi. Sai a 1982 aka amince da kuɗin rashi, fam 3,500, wanda ya kai fam 15,120 a 2020, kuma ga rukunin dangi ƙalilan kawai. Ita kanta kalmar "victim", wadda a yau ke nufin wanda aka cuta, asalinta a Latinanci dabbar yanka ce ta hadaya, abin da ake yi wa aiki ba ya magana. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama, musamman na matan da aka yi wa fyaɗe, suka fi son "survivor", wato wanda ya tsira.

Damar magana ta zo a makare. Kotun Ƙolin Amurka ta amince a 1991, a shari'ar Payne da Tennessee, cewa iyali na iya bayyana wa kotu illar da kisa ya yi musu kafin a yanke hukunci. Ingila ta shigo da irin wannan bayani a 2001. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai bayan ƙarni takwas aka ba shi izinin faɗa, kuma har yanzu bayaninsa ba shi ke yanke hukunci ba.

Wata kalma da ta yi tashe a Amurka daga shekarun 1990 ita ce "closure", rufe babin baƙin ciki. Bayan harin bam na birnin Oklahoma a 1995, wanda ya kashe mutum 168, an yi ta cewa zartar da hukuncin kisa kan maharin zai ba iyalai wannan rufewa. Da aka zartar a Yunin 2001, an ba iyalai da waɗanda suka tsira sama da 200 damar kallo ta talabijin na musamman. Masaniyar zamantakewa Nancy Berns ta nuna a littafinta na 2011 yadda 'yan siyasa da 'yan kasuwa ke amfani da kalmar, da yadda take matsa wa mai makoki ya gama kuka a kan lokaci. Wannan suka tana da tushe. Kotu na iya rufe fayil, ba ta da mabuɗin zuciya. Haƙuri da dangana, waɗanda Bahaushe ke yi wa mai rashi addu'arsu, sun fi kusa da gaskiya, domin ba su yi alkawarin ciwon zai ƙare ba, hanyar zama da shi suke nunawa.

Yafiya, afuwa da sulhu

A nan ne fassara ta fi haɗari, domin kalmar afuwa ɗaya ake sa wa abubuwa uku. "Forgiveness" yafiya ce ta wanda aka cuta, ba wanda zai yi ta a madadinsa. "Pardon" ikon shugaba ne na ɗauke wa wani mutum hukunci. "Amnesty" kuwa doka ce ko shela da ke ɗauke tuhuma daga rukunin mutane, asalinta kalmar Girkanci mai nufin mantuwa, kuma ana danganta ta da yarjejeniyar birnin Atina ta shekara ta 403 kafin Miladiyya, inda aka yi rantsuwar ba za a tono laifuffukan yaƙin basasa ba. Na farko haƙƙin mai jini ne, na biyu da na uku ikon hukuma ne.

Ban haƙuri ma yana da tarkonsa. "Apology" asalinta jawabin kare kai ne a Girkanci. Lauyoyi sun daɗe suna hana mutane furta ta don kada ta zama amsa laifi, har sai da dokar 2006 ta Ingila ta fayyace cewa ban haƙuri shi kaɗai ba amincewa da sakaci ba ne. Akwai kuma tazara tsakanin "regret", takaicin abin da ya faru, da "remorse", nadamar da ke cizon mai laifi. Hukumomi sun fi son ta farko, domin ba ta ɗora wa kowa alhaki.

Afirka ta Kudu ce ta jarraba waɗannan kalmomi a aikace. Bayan mulkin wariyar launin fata, dokar 1995 ta kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin Akbishop Desmond Tutu, ta fara zama a Afrilun 1996, ta karɓi bayanin mutum wajen 21,000. Mutum 7,112 suka nemi afuwa, aka ba 849. Sharuɗɗan su ne mutum ya bayyana gaskiya duka, kuma laifin ya kasance na siyasa. Nadama ba ta cikin sharaɗi, yardar dangin mamaci ma haka. Iyalan ɗan gwagwarmaya Steve Biko da wasu suka ƙalubalanci dokar, domin ta hana su ƙarar makasan 'yan uwansu, amma Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da ita a 1996. A 2003 gwamnati ta ba kowane wanda hukumar ta tantance kuɗin ƙasar rand 30,000, ƙasa da abin da hukumar ta ba da shawara. Hukumar ta yi babban aiki, ta tono gaskiyar da aka binne, ta mayar da afuwa sakayyar tunawa maimakon mantuwa. Duk da haka ta tabbatar da cewa ƙasa na iya yin afuwa, amma yafiya tana hannun masu ita.

Daga wannan gurbi ne aka samu abin da ake kira "restorative justice", shari'ar gyara ɓarna. Ana danganta farkonta na zamani da wani gwaji a lardin Ontario na Kanada a 1974, inda aka sa samari biyu da suka lalata dukiyar jama'a suka je gida-gida suka fuskanci waɗanda suka cuta, suka biya su. Masani Howard Zehr ya tsara ra'ayin a littafinsa na 1990. Tambayoyin wannan shari'a su ne wa aka cuta, me yake bukata, kuma wa ke da alhakin gyarawa. Waɗannan su ne tambayoyin da tsohuwar kalmar "bot" ke amsawa, su ne kuma na diyya da sulhu.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. A 2009 gwamnatin Nijeriya ta yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa, a 2019 kuma gwamnatocin Zamfara da Katsina suka yi sulhu da 'yan bindiga. A kunnen Bahaushe sulhu na nufin an zauna da masu haƙƙi, an amsa laifi, an biya ko an yafe. Idan abin da ya faru yarjejeniya ce tsakanin hukuma da masu makami, ba tare da marayu da zawarawa ba, to sunansa tsagaita wuta ko afuwar gwamnati. Kiransa sulhu yana ɗora wa waɗanda aka kashe wa 'yan uwa yafiyar da ba su yi ba. Haka sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, bisa dokar 2019, alkawari ne da sai aiki ya gaskata shi.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kalmomin shari'ar Ingilishi sun ƙware wajen kare wanda ake tuhuma da auna nauyin laifi, sun kuma yi rauni wajen ba mai jini matsayi, saboda tarihin da ya mayar da laifi rigima tsakanin sarki da mai laifi. Kalmomin Hausa, da suka sha daga fiƙihu da al'ada, ƙarfinsu yana wajen haƙƙin wanda aka cuta da hanyar sasanci. Kowane ɓangare na da abin koya daga ɗaya, muddin ba a ɗauka cewa kalmominsu daidai suke ba.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Wannan haƙƙi ba ya cika da tafintan da ya san harshe bai san shari'a ba. Ya kamata sassan Hausa da tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu su haɗa hannu su samar da ƙamus na bayani, wanda zai faɗi abin da kowace kalma ke nufi a kotu da abin da ba ta nufi. Ma'aikatun shari'a su horar da tafintoci, su kuma tanadi mai yi wa dangin mamaci bayanin matakan shari'a da harshensu. Gidajen rediyo da jaridu su bambanta wanda ake zargi da wanda ake tuhuma da wanda aka samu da laifi, su bambanta sallama da wankewa, su bambanta afuwar gwamnati da yafiyar mai jini. Wanda aka kashe wa ɗa yana da haƙƙin ya fahimci kowace kalma da aka faɗa a kan jinin ɗansa, kuma sauke wannan nauyi yana wuyan malamai da lauyoyi da 'yan jarida.